Kiredit nawa ka samu? Lissafin da ya kamata ɗan Ƙofar Dawanau mai koyon sana'a ya yi tun kafin SS3

Duk shekara, da zarar watan Agusta ya kama, za ka ga sitatus ɗin WhatsApp ya cika da hoton sakamakon WAEC. Wani ya zagaye A1 ɗinsa da jan layi, wani kuma ya ɗora 'yar fuska mai dariya a kan layi guda don kada a ga abin da ke wurin. Kafin ƙura ta lafa NECO ta saki nata, a sake sabon zagaye. Tambayar da ake jefa wa kowa dai guda ce: "Kiredit nawa ka samu?"

To, wannan tambayar da saura. Akwai wanda zai ce maka bakwai ya samu, amma ga shi shekara biyu a gida, babu makarantar da ta ɗauke shi. Akwai mai huɗu kacal da yanzu haka yake zaune a aji yana difloma. Abin da ya raba su shi ne: a waɗanne darussa aka ci kiredit ɗin, kuma wace makaranta da wane kwas ake nema da su.

Wannan rubutu naka ne idan kana cikin matasan da ke raba yininsu gida biyu, safe makaranta, yamma shagon oga. Naki ne idan kina SS2 kina kuma koyon ɗinki a gida. Naka ne kuma idan ka riga ka ajiye jaka tun bara, ka ce boko ta ƙi ka, ka riƙe sufana.

Unguwar da sana'a ta kewaye

Ɗan Ƙofar Dawanau ba ya buƙatar a yi masa lacca a kan darajar sana'a. Maƙwabciyarku Ƙofar Ruwa nan ne matattarar rodi, ƙarfe da kayan gini. Ka hau titin Katsina ta Kurna da Rijiyar Lemo da Bachirawa, gareji ne da shagunan walda da na kafintoci a jere, har ka kai Dawanau, inda kasuwar hatsi ke loda riɗi da zoɓorodo zuwa ƙasashen waje. Ka juya cikin gari, ga dukawa da majema, ga karofin Ƙofar Mata, ga Kantin Kwari da ke ciyar da teloli. Masu gyaran waya kuwa sun san hanyar Farm Centre ko da ido a rufe.

Saboda haka yaro a wannan yanki yakan fara riƙe kuɗin kansa tun yana JSS. Wannan alheri ne. Amma a nan ne kuma matsalar take ɓuya. Wanda ya saba samun na kati da na data daga shago, darasin Lissafi na ƙarfe takwas na safe sai ya riƙa yi masa kama da ɓata lokaci. Sai ranar da wani kamfani ya buɗe ɗaukar masu haɗa sola, ko wata kwaleji ta fara sayar da fom, a ce kowa ya kawo takardunsa, sannan ido ya raina fata.

Hukumomi huɗu, ma'auni kusan ɗaya

A Najeriya, hukumomi huɗu ne ke ba da shaidar kammala babbar sakandare. WAEC ita ce dattijuwar, tun 1952 aka kafa ta, kuma ta haɗa Najeriya da Ghana da Saliyo da Gambiya da Laberiya. NECO ta gida ce, hedikwatarta na Minna, ta fara shirya jarabawar kammala sakandare a 2000. NBAIS ta ɗaliban Larabci da addinin Musulunci ce. Sai NABTEB mai hedikwata a Benin, wadda aka kafa a 1992 musamman domin ɗaliban fasaha da na kasuwanci.

Wannan ta huɗun ita ce 'yan sana'a da yawa ba su san da ita ba, alhali dominsu aka yi ta. Tana ba da takardar NTC ga masu sana'o'in fasaha irin su lantarki, walda, kanikanci da gini, da NBC ga masu fannin kasuwanci. Ana karɓar su wajen neman gurbin karatu ta JAMB kamar yadda ake karɓar WAEC da NECO, matuƙar darussan da kwas ɗin ke nema suna ciki.

Shi kiredit ɗin fa? A WAEC da NECO, daga A1, B2, B3 zuwa C4, C5 da C6, duk kiredit ne. D7 da E8 ka tsallake faɗuwa amma ba a ƙirga su. F9 kuwa ka san labarin. Wato tsakanin C6 da D7 layi ne siriri, amma a kansa ake raba mai shiga makaranta da mai jiran baɗi.

Kuma kada ka ɗauka kai kaɗai ne abin ya shafa. A watan Agustan 2025, WAEC ta fara sanar da cewa kashi 38.32 cikin ɗari ne suka ci kiredit biyar har da Turanci da Lissafi. Bayan 'yan kwanaki ta ce ta gano kuskure a wajen ba da maki, ta gyara adadin zuwa kashi 62.96. Ko da gyaran, cikin ɗalibai kusan miliyan biyu da suka zauna, sama da dubu 700 ba su haɗa biyar ɗin ba. Darasi biyu ke nan: rashin kiredit biyar ba ƙarshen duniya ba ne, sannan idan aka ce an yi gyara, koma ka sake duba sakamakonka.

Inda ake yin tuntuɓe

Bari mu yi misali. A ce kai mai koyon wayarin ne, burinka injiniyan lantarki. Sakamako ya fito: Hausa A1, darasin addini B2, darasin sana'a A1, Aikin Gona B3, Bayoloji C5, Turanci C6, Lissafi D7, Fiziks E8, Kemistiri C6. Ka ƙirga da yatsu, bakwai cif. Gida ana ta barka.

Amma mai tantance takardu a tsangayar injiniya ba haka yake ƙirga ba. Shi abu huɗu yake fara nema: Turanci, Lissafi, Fiziks, Kemistiri. Biyu ka ci, biyu ka rasa. A1 ɗin da ka samu a darasin sana'a ba za ta cike gurbin Lissafi ba, ba za ta cike na Fiziks ba. Iyakacinta, a inda aka yarda da ita, ta zama cikon na biyar.

Haka abin yake ga mai son aikin jinya: Turanci, Lissafi, Fiziks, Kemistiri da Bayoloji ake nema, babu wanda ake musanyawa da ɗinki ko kasuwanci. Kwasa-kwasan da ake rububi a kansu, irin likitanci, wasu jami'o'in ma a zama ɗaya suke son ganin biyar ɗin.

Zama ɗaya, zama biyu, me ake nufi? Ƙa'idar gama-gari ita ce ka haɗa kiredit ɗinka a jarabawar da ba ta wuce biyu ba. Misali WAEC ta bana da NECO ta bana, ko NECO ta bara da ta masu zaman kansu ta ƙarshen shekara. Uku ba sa haɗuwa. Don haka idan za ka sake zama, ka zauna da lissafi: waɗanne darussa ne za ka ɗauko daga tsohon sakamako, waɗanne ne dole sabon ya kawo su gaba ɗaya.

Duk wannan ba sirri ba ne. JAMB na wallafa kundin kwasa-kwasai a shafinta na intanet, inda za ka ga abin da kowace makaranta ke nema a kowane kwas. Datar da za ka kalli bidiyo biyar a TikTok ta isa ka duba shi. Matambayi ba ya ɓata.

Sassaucin Oktoban 2025, da iyakarsa

Wataƙila ka ga labarin ya zagaya a Facebook cewa "an soke Lissafi". Ga yadda abin yake. A watan Oktoban 2025, Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ƙarƙashin Minista Tunji Alausa ta fitar da sabuwar ƙa'idar shiga manyan makarantu.

A jami'a, kiredit biyar ne har da Turanci, a zaman da bai wuce biyu ba. Lissafi dole ne ga masu kimiyya, fasaha da kimiyyar zamantakewa, amma an ɗauke shi ga masu fannin adabi da makamantansu. A kwalejin kimiyya da fasaha, wadda muke ce wa poli, ƙaramar difloma ta ND kiredit huɗu ce mafi ƙaranci: Turanci ga kwasa-kwasan da ba na kimiyya ba, Lissafi ga na kimiyya. NCE ma huɗu ce. Babbar difloma ta HND kuwa biyar ce, har da Turanci da Lissafi. Daga baya ma'aikatar ta fito ta ƙara bayani cewa kowane ɗalibi sai ya yi rajistar Turanci da Lissafi ya kuma rubuta su.

Yanzu ka sake karanta wancan sakin layin da idon ɗan sana'a. Lantarki, kanikanci, gini, kwamfuta, duk a ɓangaren da Lissafi ya zama dole suke. Sassaucin bai taɓa ka ba a wannan gefen. Abin da ya taɓa ka shi ne saukowa daga biyar zuwa huɗu a matakin ND da NCE. Wannan ƙofa ce babba, amma ka lura: idan ka shiga ND da huɗu, ranar neman HND za a tambaye ka na biyar ɗin. Gara ka cike shi kana cikin ND, kada ka bari sai lokacin ya zo. Sannan ƙa'idar ta tarayya mafi ƙaranci ce. Makarantar da masu nema suka yi wa yawa tana iya ɗaga nata ma'aunin.

Haka yake a makin JAMB. A 2025 an tsayar da 150 a matsayin mafi ƙarancin makin shiga jami'a, 100 kuma ga poli da kwalejojin ilimi, cikin 400. Wannan bakin ƙofa ne kawai. Kwas ɗin da ake turereniya a kansa, sai ka wuce nan da nisa.

Darussan sana'a: daga 34 zuwa shida

Darasin sana'a a sakandare ba sabon abu ba ne. Manhajar da hukumar NERDC ta fara aiki da ita a 2011 ta wajabta wa kowane ɗalibin babbar sakandare ɗaukar sana'a guda cikin 34, aka kuma fara jarabawarsu a 2014. A cikin jerin har da rini da aikin fata, sana'o'in da Kano ta yi suna a kansu tun zamanin ayari, da walda da kafinta da aikin famfo da gyaran waya.

Amma ka tambayi yayyenka abin da suka yi a makarantunsu. Da yawa za su ce maka darasin talla ko na sarrafa bayanai aka zaɓa wa ajin gaba ɗaya. Dalilin ba ɓoyayye ba ne: waɗannan ana iya koyar da su da alli da allo, ita kuwa walda sai da inji da wuta da malamin da ya iya. Sai darasin ya koma hanyar samun kiredit mai sauƙi, a fita babu sana'ar a hannu.

A watan Satumban 2025 gwamnatin tarayya ta sake fasalin manhajar, ta rage darussan sana'a zuwa shida: haɗa sola da gyaranta, ɗinki da tsara sutura, kiwon dabbobi, kwalliya da gyaran jiki, gyaran kwamfuta da wayar hannu, sai noman lambu da amfanin gona.

Duba jerin nan da kyau, ka dubi unguwarku. Sola a garin da kowa ya san halin wutar lantarki. Ɗinki a garin Kantin Kwari. Kiwo da noma a bakin hanyar Dawanau. Gyaran waya a garin Farm Centre. Babu ɗaya a cikin shidan da ba shi da kasuwa a Kano. Idan abin da kake koya a shago da yamma yana cikinsu, ka nemi a yi maka rajista da shi. Abin da wasu ke haddacewa a littafi, kai ka riga ka taɓa shi da hannu. Kuma tunda ana cikin sauyi daga tsohuwar manhaja zuwa sabuwa, je ka tambayi malamin jarabawa na makarantarku tun yanzu wane darasin sana'a za a sa maka. Kada ka fara ganinsa a kan takardar rajista.

Idan yanzu kake JSS3, ko ƙaninka ne a can

Akwai hanyar da iyaye da yawa ke tsallakewa saboda ana ganin ta waɗanda ba su da ƙoƙari ce: kwalejin fasaha. A jihar Kano akwai irinsu a cikin birni da Ungogo da Wudil da Bagauda, ƙarƙashin hukumar makarantun kimiyya da fasaha ta jiha, hukumar da ke riƙe da makarantun kimiyya na Dawakin Tofa da Dawakin Kudu da kowa ke alfahari da su.

Shekara uku ake yi bayan JSS3. Ana koyon sana'a guda a ɗakin aiki, tare da Turanci da Lissafi da darussan kimiyya, a ƙarshe a rubuta NABTEB a fita da NTC. Mai wannan takarda hanya biyu ce a gabansa. Yana iya shiga aiki kai tsaye a matsayin ƙwararren ma'aikaci, daga baya ya dawo ya yi babbar takardar ANTC. Yana kuma iya rubuta JAMB ya wuce gaba.

Wucewa gaban ma ba sai an yi nisa ba. Ga poli ta jihar Kano a cikin gari. Ga Kwalejin Ilimi ta Tarayya ta Fasaha a Bichi, a kan titin Katsinan nan da ya wuce ta bayanku, mai horar da malaman fasaha. Ga Kwalejin Aikin Gona ta Audu Baƙo a Dambatta ga mai son kiwo da noma. Ga Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Aliko Ɗangote a Wudil. ND shekara biyu ce, sai shekara guda ta sanin makamar aiki, sai HND shekara biyu. Wanda ya fita ND da sakamako mai kyau yana iya neman shiga jami'a daga aji biyu.

A 2025 gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da shirin farfaɗo da ilimin fasaha da sana'a, inda ta yi alkawarin karatu kyauta a kwalejojin fasaharta da alawus na wata-wata ga masu koyo, da tsarin da kashi 80 na karatun zai zama aikin hannu, kashi 20 a aji. Alkawarin gwamnati dai ka san sai an bi sawu. Amma ko ba komai, fom ɗin da ba ka cike ba, ba za a kira ka a kansa ba.

Idan ka riga ka bar makaranta

Wataƙila kana karanta wannan a kan benci a gareji, kana cewa ai ni jirgi ya riga ya wuce ni. Bai wuce ba. Hanya uku ce a gabanka, kuma babu wadda ke buƙatar ka koma sa yunifom.

Ta farko, jarabawar masu zaman kansu. WAEC da NECO da NABTEB duk suna shirya ta ga waɗanda ba sa makaranta. Idan Lissafi da Fiziks ne suka hana ka, a kansu za ka zuba ƙarfinka, ka haɗa da tsohon sakamako. Ka sani kuma WAEC ta fara yi wa masu zaman kansu jarabawa a kwamfuta tun 2024, don haka ka saba da madannai da linzami kafin ranar.

Ta biyu, gwajin sana'a na Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya, wanda tsofaffin kanikawa da direbobi suka daɗe da saninsa. Mataki uku ne: ana farawa daga na uku, a hau na biyu, a ƙare a na ɗaya. Hannunka ake gwadawa.

Ta uku, takardar NSQ, tsarin shaidar ƙwarewa na ƙasa da hukumar NBTE mai hedikwata a Kaduna ke kula da shi. Abin da ya sa wannan ta dace da ɗan gareji shi ne ana lissafa abin da ka riga ka iya. Mai tantancewa zai ga kana aikin, ya duba ko ka cika ma'aunin da aka gindaya wa sana'ar, a ba ka shaida a matakin da ka kai, daga nan ka riƙa hawa. An gwada wannan a kusa da mu: poli ta Kaduna ta haɗa hannu da masu sana'ar kasuwar Panteka domin ƙwarewar da suka koya a wurin oga ta samu takarda. Abin da ya yiwu a Panteka, babu abin da zai hana shi yiwuwa a Ƙofar Ruwa. Ka ɗaga maganar a ƙungiyar sana'arku, domin irin wannan tantancewa ta fi sauƙi idan an je a ƙungiyance.

"Ogana ba shi da takarda, kuma ya gina gida"

Gaskiya ne, kuma babu mai raina masa. Akwai ogogi a titin Katsina da injin mota ke yi musu magana da sauti kawai, su gane ciwonsa. Babu satifiket ɗin da zai koya maka wannan.

Amma ka duba kasuwar da oga ya gina gidansa a cikinta, ka duba wadda za ka shiga. Kwastomomin oga sun san shi, sun san mahaifinsa. Kai kuwa aikin da ya fi maiƙo a zamaninka yana hannun waɗanda ba su san ka ba: kamfanin da ke sa sola a asibitoci, ɗan kwangilar da ke gina rukunin gidaje, masana'anta a Sharaɗa ko Bompai ko Challawa, ko mai ɗaukar ma'aikata zuwa ƙasar waje. Wanda bai san ka ba, takarda yake fara tambaya kafin ya ba ka damar nuna hannunka. Hukumar COREN mai rajistar injiniyoyi ma tana da rukuni na masu sana'ar hannu, kuma da takarda ake shiga.

Sannan ita kanta sana'ar ta canza. Motocin yanzu sai an jona musu na'ura ta faɗi matsalar da Turanci. Mai haɗa sola da bai iya lissafin nauyin kayan wutar gida ba, ko ya ƙona wa mutane batir ko ya sa su sayen abin da ya fi ƙarfin buƙatarsu. Tela mai karɓar oda ta Instagram sai ta iya awo, ta iya lissafin yadi da riba, ta iya rubuta wa kwastoma amsa. Wato Lissafi da Turancin da kake gudu a aji, suna nan suna jiranka a shago.

A Jamus, ƙasar da motocinta ke cika garejinku, matashi mai koyon sana'a yana raba makonsa ne tsakanin kamfani da makarantar sana'a, na tsawon shekara biyu zuwa uku da rabi, ana biyansa, a ƙarshe ya rubuta jarabawa ya karɓi takardar da ko'ina a ƙasar aka san darajarta. Ka lura, rabon da kai ma kake yi ke nan tsakanin makaranta da shagon oga. Abin da ya rage a naka shi ne ɗinke biyun da takarda.

Ke ma da ke ake

'Yar'uwa, biyu daga cikin darussan shidan nan, ɗinki da kwalliya, sana'o'i ne da mata suka riƙe a cikin gidajen Dala da Gwale tun kafin a sa su a manhaja. Sauran huɗun ma babu inda aka rubuta na maza ne. Abin da ya fi muhimmanci a gare ki shi ne ki kammala kiredit ɗinki yanzu, kina da lokacin karatu. Sakamakon sakandare ba ya lalacewa. Ko aure ya zo, ko haihuwa ta tsayar da ke shekara biyar, ranar da kika shirya neman NCE ko makarantar jinya yana nan yana jiranki. Cike gurbin Kemistiri da goyo a baya kuwa, waɗanda suka yi za su faɗa miki ba wasa ba ne.

Kafin ka rufe wannan shafi

Ka ɗauki jarabawar kwalifayin ta SS2 da gaske. A Kano, da ita gwamnatin jiha ke tace ɗaliban makarantunta da za ta biya wa kuɗin jarabawar ƙarshe. Wanda ya yi wasa da ita, nauyin ya koma kan mahaifinsa, wani lokacin kuma a nan karatun ke tsayawa.

Ka duba sunanka da ranar haihuwarka. Yadda suke a NIN, haka ya kamata su kasance a rajistar WAEC ko NECO ko NABTEB da ta JAMB, harafi da harafi. Muhammad a nan, Mohammed a can, ya isa ya jawo maka zirga-zirgar watanni.

Ka nisanci cibiyoyin da ake cewa ana "taimako". Hukumomin jarabawa na riƙe sakamako ko su soke shi idan sun gano maguɗi, kuɗinka da shekararka su tafi tare. Wanda ma ya tsira da A1 ɗin da ba tasa ba, ajin farko na injiniya zai tona shi.

Ka zauna da oga ka yi masa bayani cikin ladabi. Ka roƙi ya ɗaga maka ƙafa a watannin jarabawa. Mafi yawan ogogi za su yarda, domin yaron da ya ci gaba sunan gidansu ne ya ɗaukaka.

Sai na ƙarshe, wanda za ka iya yi a daren nan. Ɗauki takarda, rubuta kwas ko aikin da kake so a sama. A ƙarƙashinsa ka jera darussan da ake nema. A gaban kowanne ka rubuta makin da ka samu a jarabawar zangon da ya wuce, tsakaninka da Allah. Duk inda ka ga ja, nan ne aikinka daga gobe. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Idan kuma ka san wani a layinku da ya ajiye karatu saboda D7 guda ɗaya, tura masa wannan.